Jan Mota Ƙafa Huɗu a Ƙasa: Tarihin Wata Al'adar Matafiyan Amurka

Jan mota a bayan wata motar iri uku ne a wurin masu wannan sana'a: ko a ɗora ta ɗungurungum a kan tirela, ko a ɗaga ƙafafunta biyu a bar biyu suna birgima, ko kuma a haɗa ta da sandar ƙarfe a ja ta tayoyinta huɗu duka suna taka kwalta. Na ukun nan shi ne mafi arha da sauƙin shiri, shi ne kuma mafi saurin kashe giyabos idan aka yi shi da jahilci, domin duk tsawon tafiyar tayoyi suna juya kayan cikin motar alhali injinta a kashe yake. A Amurka wannan salon ja ya wuce dabarar fitar da mota daga matsala, ya zama al'adar matafiya mai kayan aikinta da ƙa'idojinta da kamfanonin da ke cin abinci da ita, kuma motar da aka fi ja ta haka ita ce mai ja da ƙafa huɗu, wadda ake kira jif a Nijeriya, kat-kat a Nijar. Wanda ya bi tarihin al'adar tun daga tushe zai tarar cewa tambaya guda ce take maimaita kanta a kowane zamani, wato wane ne zai kai mai ga ƙarafan da ke juyawa idan inji ya yi shiru.

Tunanin tura ƙarfin inji zuwa ƙafafu huɗu ya girmi jif da kusan rabin ƙarni. A 1893 wani injiniya ɗan Ingila, Bramah Joseph Diplock, ya yi rajistar irin wannan tsari domin injin ja mai aiki da tururi, a 1903 kamfanin Spyker na ƙasar Holan ya fito da motar fetur mai ja da ƙafa huɗu, sannan Otto Zachow da William Besserdich na garin Clintonville a jihar Wiskonsin suka ƙera tasu a 1908, wadda ta haifar da kamfanin FWD da manyan motocinsa suka yi jigilar kayan soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Waɗannan duka motoci ne masu nauyi da ba wanda zai ja su sai sun lalace, kuma aikin jan wadda ta lalace ya sami motarsa ta musamman a 1916, lokacin da Ernest Holmes na garin Chattanooga a jihar Tenesi ya ƙera janwe. Jan lafiyayyar mota da gangan, daga wannan gari zuwa wancan, bai taso ba sai da aka sami ƙarama mai sauƙin nauyi da ta cancanci a tafi da ita.

Wannan ƙaramar motar yaƙi ne ya haife ta. A tsakiyar 1940 rundunar sojan Amurka ta nemi kamfanoni 135 su kawo samfurin ƙaramar motar leƙen asiri mai ja da ƙafa huɗu cikin kwana 49, wa'adin da ƙaramin kamfanin American Bantam na garin Butler a jihar Pensilbeniya kaɗai ya cika, inda ya kai motarsa sansanin Holabird a watan Satumba na shekarar, bisa zanen da Karl Probst ya yi. Babbar kwangilar kuwa ta faɗa hannun Willys-Overland na garin Toledo, daga baya Ford ya shigo yana ƙera irinta, har su biyun suka fitar da kimanin 640,000 kafin yaƙi ya ƙare a 1945.

Abin da ya shafi wannan tarihi a jikin motar shi ne wani akwatin ƙarfe da ke manne a bayan giyabos, wanda za a iya kira akwatin raba ƙarfi, domin shi ne ke karɓar juyin da ya fito daga giyabos ya raba shi tsakanin farfelar gaba da ta baya, wato dogayen sandunan da ke kai juyi zuwa aksul. Direban jif na soja yana da sanduna uku a daben motar kusa da gwiwarsa: doguwa ta sauya giya, da gajeru biyu na wannan akwati, samfurin Spicer 18. Ɗaya daga cikin gajerun tana haɗa ƙafafun gaba ko ta sake su, ɗayar kuma tana da mazauni uku, na gudu a kan hanya, na ƙarfi domin laka da hawan dutse, da na tsakiya wanda ba ya kama komai, wanda direbobi ke kira firi. Idan wannan sandar tana firi, to an yanke alaƙa tsakanin tayoyi da giyabos, ko da inji yana kuka motar ba za ta motsa ba, kuma ko tayoyi suna gudu giyabos yana zaune. Land Rover ta Ingila, wadda aka fara nunawa a Amsterdam a watan Afrilu na 1948, ta zo da irin wannan firi a jikin gajeriyar sandarta mai jan kai, abin da tsofaffin direbobin da suka tuƙa ta a ƙasar Hausa suka sani sarai.

Ba domin matafiya aka yi wannan firi ba. Amfaninsa ya fito fili ne a gona, bayan da Willys ya fito da jif na farar hula, CJ-2A, a 1945, ya tallata shi ga manoma a matsayin motar da ke noma da rana ta kuma kai iyali gari da yamma. Ana ɗaura masa wata mahaɗa a bayan akwatin raba ƙarfi wadda ke ɗibar juyin inji ta ba injin yankan katako ko na ban ruwa ko na casar hatsi, kuma don motar ta tsaya cik tana wannan aiki sai a sa akwatin a firi. Sai dai motar da aka gina domin jan garma ba ta da daɗin doguwar tafiya, domin injinta mai ƙarfin doki 60 ne, giyar aksul ɗinta kuma an yi ta ne yadda farfela za ta juya sau 5.38 kafin taya ta juya sau ɗaya, abin da ke ba ta ƙarfi ya hana ta gudu. Maharba da masu kamun kifi da masu sha'awar hawan duwatsu, waɗanda da yawansu tsofaffin soja ne da suka saba da motar a fagen daga, sai suka ga ya fi musu sauƙi su ƙulla mata sandar ja a gaba, su ja ta da a-kori-kura ko babbar motar gida har bakin daji, can su kwance ta su shiga da ita inda babbar ba ta iya zuwa. Tarurruka irin na hanyar Rubicon a Kalifoniya, wanda aka fara a 1953, da na garin Moab a jihar Yuta, wanda aka fara a 1967, sun ƙara yawan masu irin wannan tafiya. A 1948 kuma Arthur Warn, wani dillalin Willys a yankin Seattle, ya fito da hob da ke sakin tayoyin gaba daga aksul, ta yadda za su yi ta birgima ba tare da sun juya kayan cikin aksul da farfelar gaba ba. Wannan ya sauke rabin nauyin, ya bar rabin da ya fi wuya, wato na baya.

A nan ne gizo ke saƙa, kuma wajibi ne a leƙa cikin giyabos kafin a fahimci sauran labarin. Giyabos na hannu, wanda kanikawa ke kira manuwal, ba shi da famfon mai a mafi yawan motoci, yana shan mai ne ta hanyar fantsama. A cikinsa akwai sanduna uku: ta shiga, wadda ke karɓar juyi daga inji ta hanyar kuloci, ta ƙasa, mai jerin haƙoran giya, wadda ke kwance cikin mai, da ta fita, wadda ke sama tana miƙa juyi zuwa baya. Sandar ƙasa a kullum haƙoranta a sarƙe suke da na sandar shiga, saboda haka muddin inji yana aiki tana juyawa tana watsa mai sama kamar mai feshin ruwa, man kuma yana gangarowa cikin boris da 'yan ƙananan ƙarafa masu kama da allura da giyoyi ke juyawa a kansu. Idan aka kashe inji aka sa giya a firi aka ja motar, sandar shiga da ta ƙasa suna tsaye, man yana kwance a gindin akwati ba mai taɓa shi, sandar fita kuwa tayoyin baya suna juya ta ta cikin giyoyin da ba sa motsi. A jif mai giyar aksul irin ta CJ-2A, idan ana jan sa da gudun kilomita 80 a awa, wannan sanda tana juyawa sama da sau 3,000 a minti ɗaya. Ɗan man da ya saura a jikinta yana ƙarewa, ƙarfe ya fara cin ƙarfe, zafi ya taru har giya ta manne da sanda, daga nan ko dai tayoyin baya su ƙulle a tsakiyar titi ko kuma su fara juya injin da ƙarfin tsiya, kuma direban da ke gaba sau da yawa ba ya jin komai sai ya hangi hayaƙi a madubi.

Wannan ne dalilin ƙa'idar da ke ba sabon shiga mamaki, wadda har yau take rubuce a littafin jagorar Jeep Wrangler: akwatin raba ƙarfi a firi, amma giyabos na hannu a bar shi cikin giya, na atomatik kuma a kan harafin P. Hikimar ita ce, ko da akwatin yana firi, kaurin man da ke cikinsa yana iya jan sandar fitar giyabos ta riƙa juyawa a hankali ba mai, don haka ake sa giya ta riƙe ta kam. Kafin a kama hanya akan gwada: a tayar da inji, a sa giya, a saki birki, idan motar ba ta motsa ba to firin ya shiga da gaske. Akwai kuma haɗarin da ke tattare da wannan, domin motar da akwatinta ke firi za ta gangara ko da giyarta tana kan P, shi ya sa ake jan birkin hannu kafin a kwance sandar ja.

Shi kansa akwatin raba ƙarfi bai tsira daga ƙishin mai ba. Samfurin Dana 300 da aka sa wa jif na CJ daga 1980 zuwa 1986 yana dogara ne da giyar da giyabos ke juyawa wajen fantsama mai zuwa boris ɗin bayansa, saboda haka idan ana jan motar wannan boris ɗin yana gudu a bushe. Maganin da aka ba masu motar shi ne su tsaya duk bayan mil 200, kimanin kilomita 320 ke nan, su tayar da inji, su sa giya alhali akwatin yana firi, su bar shi ya juya kamar minti ɗaya don mai ya zagaya, kuma irin wannan umarni ne Suzuki ya ba masu ƙaramar motarsa Samurai, wadda ta shiga kasuwar Amurka a 1985 ta kuma sami karɓuwa a wurin masu ja saboda rashin nauyinta. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka sami gyara na haƙiƙa da akwatin NP231, wanda famfon mansa ke kan sandar fita, ma'ana tayoyin da ke jawo matsalar su ne kuma ke juya famfon. Babu wani sauyi a wannan tarihi da ya yi wa masu ja amfani kamar wannan ɗan famfo, duk da cewa ba a cika ambatonsa ba.

Giyabos na atomatik nasa lamarin ya fi tsanani, domin rayuwarsa gaba ɗaya tana rataye ne a kan famfo da inji ke juyawa, wanda ke tura mai ya sanyaya faifan kuloci na ciki ya kuma jiƙa boris. Abin lura shi ne na farko-farko ba haka suke ba. Hydra-Matic, wanda General Motors ya fito da shi a 1939 a motocin Oldsmobile, da wasu da suka biyo bayansa, suna da famfo na biyu a baya wanda sandar fita ke juyawa, shi ya sa ake iya tura irin waɗannan motoci su tashi, ake kuma iya jan su da ɗan sassauci. A tsakiyar shekarun 1960 kamfanoni suka yi ta cire famfon bayan domin rage kuɗi da nauyi, tun da batur da sitata sun inganta ba a cika buƙatar turi ba. Daga nan ne ƙa'idar da ke cikin littattafan motoci da yawa ta samo asali, cewa kada a ja motar atomatik fiye da kilomita 50, kuma kada a wuce gudun kilomita 50 a awa. Wannan ya zo daidai da lokacin da atomatik ya shiga motoci masu ja da ƙafa huɗu, inda Jeep Wagoneer ta 1963 ta buɗe ƙofa, sai firin akwatin raba ƙarfi ya zama shi kaɗai ne garkuwar giyabos.

A waɗannan shekaru ne kuma al'adar ta sami masu ita na dindindin. Dokar gina manyan hanyoyin tarayya da shugaba Eisenhower ya sa wa hannu a 1956 ta sauƙaƙa doguwar tafiya, kamfanin Winnebago na garin Forest City a jihar Ayowa ya fara sayar da motar tafi-da-gidanka mai rahusa a 1966, wato babbar mota mai gado da kicin da banɗaki, kuma tun 1963 masu irin waɗannan motoci suka kafa ƙungiyarsu, Family Motor Coach Association, a jihar Maine. Wanda ya kafa irin wannan gida a sansani, ya haɗa masa ruwa da lantarki, ba zai so ya tayar da shi don sayen burodi ba, yana buƙatar ƙaramar mota, tirela kuma ƙarin nauyi ce da neman wurin ajiya. Sai suka koma jan mota ƙafa huɗu a ƙasa, suka raɗa mata suna dingi, sunan ɗan kwalekwalen da jirgin ruwa ke ja a bayansa. Mujallunsu suka riƙa buga jerin motocin da kamfanoni suka amince a ja su haka kowace shekara, har ya zama mutum yana duba jerin kafin ya sayi mota, kamfanoni irin su Blue Ox da Roadmaster kuma suka tashi a kan ƙera sandar ja mai naɗewa da farantin ƙarfe da ake ɗaure wa a ƙashin motar.

Sauran ƙa'idojin duk daga jikin motar suka fito. Ƙafafun gaba suna bin motar da ke ja ne saboda ɗan karkacen da aka yi wa madogararsu, irin wanda ke sa sitiyari ya dawo daidai bayan kwana, amma wannan ba ya aiki idan sitiyari a kulle yake, kuma tun wajen 1970 motocin Amurka suke zuwa da makullin sitiyari domin hana sata, don haka dole a bar mabuɗi a inda zai sake shi. Wannan karkacen ne kuma ya sa ba a yin baya da motar da aka ja haka, domin ƙafafun za su murɗe gefe guda su lanƙwasa sandar. Ana ƙara sarƙoƙin tsaro da wayar fitilun baya, jihohi da yawa kuma suna wajabta wani ɗan inji da ke taka birkin motar baya idan ta gaba ta taka nata.

Daga baya kuwa jerin motocin da ake iya ja ya fara fuskantar matsi, kuma abin da ke rage shi shi ne jin daɗin direba. Jensen FF ta 1966, Range Rover ta 1970, tsarin Quadra-Trac na Jeep a 1973, AMC Eagle ta 1979 da Audi Quattro ta 1980 sun kawo ja da ƙafa huɗu na kullum, wanda direba ba ya buƙatar haɗa ƙafafun gaba da kansa. Waɗanda suka riƙe giyar ƙarfi sun riƙe firinsu, amma ƙananan motocin iyali da suka cika kasuwa daga baya ba su da giyar ƙarfi, saboda haka ba su da firi, a tsakiyarsu akwai mahaɗa mai kaurin ruwa ko faifan kuloci da ke kamawa idan gudun ƙafafun gaba ya saɓa da na baya. Irin wannan mota ko ɗaga ƙafafunta biyu aka yi an cuce ta, domin mahaɗar za ta ɗauka santsi ake yi, ta yi ta kamawa har ta ƙone. Honda CR-V misali ce da masu tafi-da-gidanka ba su manta ba: har zuwa ta 2014 ana jan ta bisa sharaɗin a bi da giyarta ta kowane mazauni, a bar inji ya yi aiki minti uku, a kuma maimaita duk bayan awa takwas, amma da ta 2015 ta zo da giyabos mai bel, wanda ake kira CVT, sai izinin ya faɗi. Maɓallin lantarki da ya maye gurbin gajeriyar sanda shi ma ya ɓoye firin a motoci da dama, sai dai Ford da General Motors sun samar da shi a manyan a-kori-kurarsu ta wasu matakai na danne-danne. Motar lantarki kuwa injinta a haɗe yake da tayoyi, jan ta yana sa shi haifar da wuta, don haka yawancin masu ƙera ta ba su yarda da komai ba sai ɗorawa. Ba laifi ba ne a sauƙaƙa tuƙi, amma kamfanin da ya cire firi ya kamata ya faɗa wa mai saye a fili, maimakon ya bar maganar a shafin da ba kowa ke kaiwa ba.

Motar tafi-da-gidanka ba ta zama al'ada a ƙasar Hausa ba, amma motocin da aka yi waɗannan ƙa'idoji dominsu suna nan birjik, domin da yawa daga cikin 'yan Kwatano daga Amurka suke fitowa, atomatik ne, wasu kuma masu ja da ƙafa huɗu na kullum, kuma idan suka mutu a hanya igiya ko sarƙa ake ɗaura musu kamar yadda ake yi wa tsohuwar Peugeot. Harafin N na giyar atomatik ba ya raba tayoyi da cikin giyabos, kuma ba kowace jif ce kamfaninta ya amince a ja ta haka ba, Toyota ma ya hana a yawancin nasa na zamani. Inda ba a sami janwe mai ɗorawa ba, tsohuwar dabarar masu jif ita ce mafita: a kwance farfelar baya daga wajen aksul, inda galibi noti huɗu ne ke riƙe da ita, a yi mata alama don ta koma yadda take, a ɗaure ta da ƙarfi a jikin ƙashin motar ba tare da an zare ta daga akwati ba don kada mai ya zube. Idan ƙafafun gaba ba su da hob mai sakewa, ita ma farfelar gaba sai an kwance ta kafin motar ta motsa.